Rokar da ta faɗa gonar masara

Ranar da na fara ganin abin a falonmu na unguwar Fordham, nan ƙasar Turawa, na ɗauka bututun ruwa ne. Ya kusa kai ni tsawo, ga kai mai tsini, ga fuka-fukai uku a gindi. Ɗana na fari, magidanci mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda yake gyaran na'urori a asibiti, yana zaune a ƙasa yana shafa masa gam.

"Kai, wannan fa?"

"Roka ce, Inna. Sama za ta."

"Roka? A garin nan? Da gemunka da hularka?" Na tashi na ja labule. "So kake 'yan sanda su zo su kwashe mu har da tukunyar miya?"

Ya yi dariya har da tari, sannan ya yi mini bayani. A cikin birni ba a harbawa. Akwai wata ƙungiya da ke da fili a ƙauye can arewa, hukumar jiragen sama ta ba su izini, ta yanka musu rana da iyakar tsawon da za su kai. Babban injin roka kuwa ba a sayar wa wanda ba shi da takardar shaida, sai guda ɗaya na gwaji, shi ma a filin, a gaban shaidu. Ko ƙwayar albarushi babu a gidanmu. Takardar kuma ba a samunta sai ka haɗa rokarka da hannunka, ka harba, laimar da za ta sauko da ita a hankali ta buɗe, ka je ka ɗauko ta ka kawo lafiya lau. In ta ɓata, babu takarda. Asabar mai zuwa ce harbin ƙarshe kafin sanyi ya shigo, in ya rasa sai baɗi.

Na ce zan je. Ni ba a ba ni labari, ni ke bayarwa.

Bayan sallar asuba muka kama hanya, ni da shi da matarsa, rokar tana kwance a kujerar baya ta matse ni kamar fasinjan da bai biya ba. Da hantsi muka isa. Fili ne shimfiɗaɗɗe, an ja igiya an ce kowa ya tsaya bayanta, can gaba kuma gonar masara ce iya ganinka.

Wani dattijon Bature mai malfa shi ne mai dubawa. Na ga masu sayen ragon layya da yawa, ban ga wanda ya kai shi bin ƙwaƙƙwafi ba. Ya auna nauyinta, ya jijjiga fuka-fukan ɗaya bayan ɗaya, ya ɗora ta a hannu ya ga inda take rinjaya, ya sa aka fito da laimar aka sake naɗewa a gabansa. Na ce wa surukata, "Wannan mutumin ya san aiki, ki faɗa masa na ce." Ta ce, "Hajiya, ai ba a tambaye mu ba." Na ce, "Ki faɗa dai."

Aka kafa ta can nesa da mu. Har an fara shiri wani ɗan ƙaramin jirgi ya gifta, aka dakata sai da ya ɓace. Gajimare ma sai da aka jira ya kauce. Sannan aka yi ƙirge a lasifika, aka danna.

Ƙarar kamar an yage sabuwar shadda a kunnenka. Kafin in ce bismillah ta zama ɗigo. Al'adarsu ce kowa ya miƙe ya nuna ta da yatsa, don in ta nufo mutane a sani. Sai ga jar laima ta buɗe, aka ɗauki tafi. Ashe a can sama akwai iskar da babu ita a ƙasa. Ta ja ta wajen rana, hannaye suka fara sauka, kowa na murza ido.

Ni ban sauke ba. Na kare fuska da gefen mayafi, na bi ta. A ƙauyenmu, tun ina yarinya, ni ake aikawa neman ƙwan zabi. Zabuwa ba ta yin ƙwai a gida, daji take shiga. Ba binta ake yi ba. Tsayawa kake wuri ɗaya, ka ga inda ta nutse a ciyawa, ka ɗaure wurin da wata bishiya a bayansa, kuma kada ka ɗaga ƙafa. Rokar ta nutse cikin masara daidai tsakanin wata busasshiyar bishiya da dogon rumbun ƙarfe. Na kwantar da sandata a ƙasa ta nuna wurin.

Sai da mai malfa ya ba da izinin shiga fili sannan ɗana ya zabura, ya nufi hagu.

"Kai! Ba can ba."

"Inna, mutum biyar sun ce hagu, ɗaya har da tabarau mai jawo nesa."

"Mutum biyar ɗin sun taɓa neman ƙwan zabi?"

Ya tafi abinsa. Na ce a kawo mini kujera nan inda nake. Surukata ta ce in koma inuwa, na ƙi. Awa guda ta wuce, har da rabi. Da la'asar izinin filin zai ƙare, shaidu su watse. Sai ga shi ya fito, ganye ya kakkarce masa hannu, ya zo ya durƙusa.

"Inna, kina nan kan layinki?"

"Ina zan je?"

Masarar ta fi shi tsawo, saboda haka na sa ya ari doguwar sanda ya soka hularsa a kai. Ya shiga ta tsakanin kunya da kunya, don manomin ya yarda a shiga amma kada a karya masa kara ko ɗaya. Surukata ta kira shi a waya. Ina kallon hular tana tafiya a saman gona, ina faɗa tana isarwa.

"Dama. Ce masa dama, ba hannun da yake cin tuwo da shi ba ne? Ya yi yawa, ya dawo kaɗan. Miƙe."

Hular ta yi nisa har ta koma kamar ƙuda. Surukata ta ce wai yana ganin ya wuce wurin. Na ce bai wuce ba, abin da ya faɗo daga sama kullum ya fi nisan da ido yake ba ka. Ya ƙara tafiya. Sai hular ta tsaya, ta fara rawa.

Ya fito da ita a kafaɗa, laimar tana reto. Mai malfa ya sake binta kaf, ya ja igiyar laima, ya leƙa ciki, ya murɗa kowane fiffike. Babu tsaga. Ya sa hannu, shaida na biyu ya sa.

Ɗana ya kawo mini takardar. "Inna, an sa hannu."

Mu a wajenmu uwa ba ta yabon ɗan fari a gaban jama'a, ko sunansa ba ta kamawa. Na riƙe takardar na daɗe ina dubawa, ko da yake ba na karatu. Sannan na miƙa masa.

"To, ka karkaɗe gashin masarar da ke gemunka, mutane na kallo."