Malam Ganiyu Adekunle da Titinsa Mai Faɗi

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Ganiyu a garin Funtua a shekarar 1940. Mahaifinsa, Alhaji Adekunle, mutumin Ogbomosho ne mai shagon atamfa a bakin titin kasuwa, mahaifiyarsa kuwa ita ce Hajiya Silifat. Bayan kammala firamare ya tafi Kaduna ya koyi awon ƙasa da zanen taswira, inda ya dawo da aƙida guda wadda bai taɓa shakkarta ba, wato faɗin titi shi ne maganin cunkoso.

Aure

A 1966 ya auri Hansai, 'yar Gozaki, wadda ta shahara da iya tuwon sayarwa.

Aiki

A 1976 aka ɗora masa alhakin tsara titunan tsakiyar gari, a zamanin da motocin auduga kan toshe titin kasuwa duk kaka. Ya ƙudurta faɗaɗa titin, ya kuma keɓe wa manyan motoci fili a bayan gari, kan hanyar Malumfashi. Da aka ja igiyar awo a 1978, sai ta ratsa tsakiyar shagon mahaifinsa. Gudun zargin son kai, da shagon ya fara rusau. Magana ɗaya aka ruwaito daga bakin Alhaji a ranar: "Ganiyu, in ka mutu, kwalta ce za ta yi maka addu'a?" Tsohon ya tattara ya koma Ogbomosho, ya rasu a can a 1981 ba tare da sun sake gaisawa ba.

Titi ya yi faɗi, direbobi kuma suka yi masa godiya ta gaske, domin inda a da suke ajiye mota layi ɗaya, yanzu sun samu biyu. Filin bayan gari kuwa, da yake babu inuwa, babu masallaci, babu mai abinci, awaki ne suka amfana da shi. Direbobin sun fi son tsayawa kusa da tukunyar Hansai, a ƙofar gidansu da ke bakin titin, wadda da ita ake ciyar da gidan mai tsarin.

Ƙarshen Rayuwa

Ya yi ritaya a 1985, ya riƙa wuni a ƙofar gida yana kallon bodin motoci. Ba a ƙara jin ya ambaci faɗin titi ba, sai dai yakan ambaci shagon. A 1986 jama'a suka nemi a mai da filin bayan garin maƙabarta, shi ya auna musu layuka, kyauta.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a Disambar 1988, ana tsakiyar cinikin auduga. Sai da aka karkata makara kafin ta wuce tsakanin motoci. An binne shi a filin nasa, inda wannan karon kowa ke bin layi.

Ya bar matarsa da 'ya'ya uku: Sekinat, malamar makaranta a Ƙafur, Rabi, tana aure a Ƙarfi, da Sada, direban babbar mota, wanda yake ajiye ta a ƙofar gidan, a layi na biyu.