Babu Ido Na Biyu a Ɗakin Katalog

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, ina tsaye a bakin ƙofar ɗakin aikinmu ina laluben mukulli a jaka, babbar 'yarki ta kira ni. Ban bari ta gama magana ba, muryarta ta riga ta gaya min. Allah Ya karɓi abinSa. Yaya, kin tafi, kin bar ni da tebur biyu da kujera biyu.

Ga wanda bai san ki ba: ke ce shugabar sashen katalog a laburarenmu, wato sashen da ake yi wa kowane littafi rajista, a rubuta sunan marubucinsa da abin da ya ƙunsa, a ba shi lambar da za ta nuna mazauninsa a kanta. Ma'aikata suna ce miki Uwar Ɗaki, ni kuwa Yaya nake ce miki, ko da yake ba mu haɗa jini ba. Ɗakin namu yana ƙarshen baranda, bayan matattakala, taga ɗaya gare shi, ita ma bangon sito take kallo. Masu karatu ba su san da mu ba. Kin sha cewa mu kamar gishiri ne, sai ranar da babu mu ake tuna mu.

Doka ɗaya kika kafa, ba ki taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ba, har ke kanki: babu rajistar da za ta fita daga ɗakin nan sai ido na biyu ya gani. In na rubuta ki duba, in kin rubuta in duba. Dalilinki shi ne littafin da aka yi wa rajista ba daidai ba ya ɓata, ko da yana zaune a kanta kowa na wuce shi. Na sha jin haushin dokar nan, don ni mai gaggawa ce, ke kuwa sai ki yi rabin yini a kan waƙafi ɗaya.

Da aka ce sababbin ma'aikata su riƙa koyon aikin daga intanet, na ɗauka za ki ja da baya, ke da kika girma cikin akwatunan katin rajistar littattafai. Sai ga ki kin gyara tabarau, kin ja kujera kusa da tawa. Kika ce shafin intanet kamar mai neman aure ne, kafin a ba shi tabarma sai an san ɗan gidan wa ne. Wa ya rubuta shi? Yaushe rabonsa da gyara? In ya kawo misali, daga littafin gaske ne ko daga kansa ya ƙaga? Akwai wani mai bidiyo da sababbin ma'aikatan suka ɗauka gwani ne saboda zaƙin bakinsa. Kika saurare shi har ƙarshe, sannan kika ce, "Wannan bawan Allah bai taɓa hura ƙurar littafi ba." Muka bincika, ashe dokokin da yake koyarwa an daɗe da sauya su.

Babban gwajinki kuwa sunayen mutanenmu ne. Yawancin shafukan nan cewa suke a juya suna, na ƙarshe ya dawo farko, shi ke nan. To mu fa, da wani sunansa na ƙarshe sunan mahaifinsa ne, wani sunan garinsu ne, wani kuma laƙabi ne kawai? Wata ma'aikaciya daga ƙaramin laburare ta bi wani shafi sau da ƙafa, ta tattara marubuta 'yan gari ɗaya ta mai da su mutum ɗaya, mai littafin kiwon kaji da mai littafin lissafi da mai waƙoƙi duk suka zama malam guda. Da ta zo tana hawaye, ba ki yi mata faɗa ba. Kika ce, "Ƙanwata, share fuskarki. Shafin ne bai san mu ba, ke kuma kika ji kunyar yi masa gardama." Kika zauna da ita kuka raba mutanen nan ɗaya bayan ɗaya, har ta koma tana dariyar malamin da ya san komai.

Shafin da ya fi shiga ranki ba shi da ado ko kaɗan. Abin da ya ja ki gare shi, mai shi yana rubuta kuskurensa da ranar da ya gyara, a inda bai sani ba kuma ya ce bai sani ba. Kin ce irin wannan ne mutum zai iya barin ɗalibi a hannunsa ya juya baya.

Yanzu ni kaɗai nake buɗe ƙofa. Mayafin da kike ratayewa a bayan kujera saboda sanyin ɗakin yana nan, ban iya ɗauke shi ba. Nakan ga shafi mai abin dariya, in buɗe baki zan kira ki, in tuna ba kya nan. Kaɗaici ya dame ni, Yaya, ba zan ɓoye ba. Shugaban laburare ya zo ya yi min gaisuwa cikin mutunci, sannan ya gaya min ba za a kawo wani a madadinki ba. Ya ce in abu ya shige min duhu in tambayi intanet. Ban yi masa musu ba, ba laifinsa ba ne.

Jiya ya aiko da wani aiki. Ɗan littafin nan da kika rubuta don masu koyon katalog yana cikin rajistarmu, don haka ke ma marubuciya ce. A tsarin aikinmu, marubuci mai rai ana sa shekarar haihuwarsa a bi ta da karan ɗori, a bar gaban a buɗe. In ya rasu sai a cike da shekarar rasuwarsa. Mun cike wa mutane da yawa tare, kina cewa Allah Ya jiƙan rai kafin ki danna. Na buɗe naki, na rubuta shekarar nan. Sai na juya allon kwamfutar wajen teburinki, na ji bakina yana cewa, "Yaya, duba min."

Na zauna har aka tashi aiki ban tura ba. Da safen nan na tura. Ita ce rajista ta farko da ta fita daga ɗakin nan da ido ɗaya, kuma taki ce. In da kuskure a ciki, ki yafe min.

Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki da 'ya'yanki da jikokinki, da 'yan'uwanki, da duk wanda ya taɓa zama a gefen teburinki ya koyi wani abu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba ki littafinki a hannun dama, Ya sa Aljanna ce makomarki. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.