Askin da Ladi ta yi wa lallena

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsaka da dama koko aka bugo mini waya, wai Hajiya Ladi ta rasu.

'Ya'yana da jikokina na wannan shafin, yau babu tatsuniya.

Maƙwabciyata ce a Hayin Banki tun muna goyon fari. Ita Bazazzagiya, ni Bakanuwa, ko gaisuwa sai da tsiya. Amma da ƙafata ta kumbura, ita ke tsayawa a rana ta taro mini keke zuwa asibiti.

Ganinmu na ƙarshe a tsakar gidana ne. Lallen jikin katanga ya yi buya-buya har ya tare hanyar banɗaki. Sai ga ta da adda.

"Kanawa sarakan maƙo, ko reshe ba kwa iya rabuwa da shi!"

Ta yi masa ƙwal-kwabo. Na ce, "Ladi, kin kashe shi." Ta ce zai tofo.

Sannan ta zazzage wasu abubuwa kamar albasa. Na ce yauwa, an samu na miya.

"Sa mana, Iya, mu ci gumbar ukunki. Fure ne!"

Ta durƙusa da gwiwarta mai ciwo ta binne su a gindin lallen. "Ruwa kaɗan, ruɓewa suke. Kuma kar ki tono ki leƙa, na san halinki."

To ga shi shiru. Lalle ya tsaya ƙirare kawai, ƙasa ko tsaga ba ta yi ba. Kaɗan ɗin nan kofi ne ko buta? Na yi yawa ne? Wa zan leƙa ta katanga in tambaya? Wanda ya sani, don Allah ya rubuto mini a ƙasa.

Ga ɗana Auwalu ya sauke yashi da siminti, wai zai shafe wurin ya riƙa ajiye mota, tunda itacen ya mutu.

Auwalu, na san kana karantawa. Na sa an kai tabarmata wurin. Motarka ta kwana a waje har damina ta faɗi, ko kuma ka shafe da ni.

Allah Ya jiƙan Ladi, Ya sanyaya makwancinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Duk wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu, ko Bakano ne.