Mai Ɗaga Gwangwanin Siminti

A bayan tashar motocin albasa ta Aliero akwai wani saurayi da nake gani kullum, ban san sunansa ba. Ya cika gwangwanaye biyu da siminti, ya soka musu bututun ƙarfe, yana ɗagawa har hannuwansa na rawa. Haƙarƙarinsa duk a waje. Ina jin so yake a ɗauke shi dakon buhuna, wataƙila gidansu babu babban namiji.

Sarkin 'yan dako ya biyo, ya matsa damtsensa, ya ce, "Wanga hannu? Tahi ka ci tuwo tukuna, ɗana."

Saurayin ya tura wa ƙanwarsa da ke tsugune gefe 'yar furarsa, ya sake duƙawa ga ƙarfen.