Sherifa da Injin Rokar Alhaji Dikko

Matakala sittin da biyu ce tsakanin ƙofar Alhaji Dikko da titi. Sherifa Issaka ta ƙirga su ranar da ta fara aiki, ta sake ƙirgawa ranar da lifta ta mutu, cikin Yulin 2016, ba su ragu ba ko ɗaya.

'Yar Kumasi ce, haihuwar zango, shekararta arba'in da uku. Ta yi shekara tara tana sayar da shinkafa da wake a bakin tasha kafin ta zo New York, ta yi biyu tana kitso a shagon wata, sannan ta samu takardar kula da tsofaffi. Aikin kwana ne. Ta shiga Litinin da safe, ba za ta fita ba sai Lahadi. Kwana shida a hawa na biyar, a unguwar Mount Hope, ɗaki biyu da falo. Taga uku ce a gidan, biyu suna kallon bangon maƙwabta. Ta ukun ce ke nuna sama, ita ma ɗan yanki, bai wuce faɗin sallaya ba.

Shi kuwa Alhaji Dikko Bakatsine ne. Shekara ashirin da shida ya yi yana gyaran injin jirgin sama, kafin shanyewar ɓarin jiki ta karɓe masa hannun dama da ƙafa. Kamfanin da ya turo Sherifa ya hana ta sauko da mara lafiya ta matakala. Saboda haka tun mutuwar lifta, sati goma sha ɗaya, tayar keken da ake tura shi a kai ba ta taɓa titi ba.

Wata safiya ya sa ta buɗe durowar ƙasa. Ta fito da wani bututun alminiyam, tsawonsa taƙi ɗaya, da murfi mai murɗawa a kowane baki.

"Baba, wannan tocila ce?"

"Tocilar gidanku. Injin roka ne, 'yar Kumasi."

Ashe shekara goma sha huɗu ya yi yana harba ƙananan rokoki da 'yan ƙungiyarsu, a wata gonar ciyawa, tafiyar awa biyu arewa da birni, Asabar ɗaya kowane wata. Cikin birni babu wurin yi, sama cike take da jirage. Ya ce mata akwai injin da ake harbawa sau ɗaya a yar, wannan kuwa ba ya ƙarewa. Bututun na nan, kayan cikinsa ake sakewa: dunƙulen makamashi, kwalin da ke raba shi da bango, bakin da wuta ke fita, da zoben roba uku masu hana wuta ɓullewa ta gefe. Can sama akwai wani ɗan dunƙule mai ci a hankali, daƙiƙa bakwai, sannan ya kunna albarushin da zai turo laima waje, rokar ta sauko lafiya. Wannan bututun ya tashi sau talatin da tara.

"Saura ɗaya ya cika arba'in," in ji shi. Ya dubi hannunsa.

Daga ranar ta zama hannunsa. Kullum bayan ta ba shi maganin safe, sai a shimfiɗa jarida a tebur. Ta wanke bututun da ruwan ɗumi da tsohon buroshin haƙori, ko da yake tsaf yake. Ta haɗa da tsofaffin kayan da suka riga suka ƙone, ta kwance, ta sake haɗawa. Da fari minti ashirin da biyar take yi. Zuwa Oktoba ta dawo tara. Wuri ɗaya suke rigima, wurin shafa wa zoben roba giris.

"Kaɗan! Sheƙi kawai zai yi. Ba jariri kike shafa wa mai ba."

"Ei, Baba, yara huɗu na raina, babu wanda fatarsa ta tsage."

"To goge yatsunki kafin ki taɓa na daƙiƙa bakwai ɗin. In maiƙo ya taɓa shi, wuta ba ta wucewa."

Sai Hussaina, 'yarsa da ke aiki a asibiti, ta zo da magana. Ba za ta ci gaba da barin mahaifinta a rufe a hawa na biyar ba. Ɗaya ga Nuwamba zai koma gidan kula da tsofaffi, kuma can ba a fita da mutum zuwa gona. Harbin ƙarshe na shekara kuwa Asabar ta uku ce a Oktoba. Asabar ɗaya ta rage masa, roka ɗaya.

Sherifa ba ta tsaya dogon tunani ba. Ta kira Ado, direban tasi da ke hawa na biyu, shi kuma ya kira abokansa uku daga masallaci. Dokar kamfani Sherifa ta hana, ba ta hana maƙwabta ba. Suka ɗauke shi da keken gaba ɗaya, biyu gaba biyu baya, suka huta sau huɗu.

"Alhaji, ashe tuwon Sherifa na zama a jiki," in ji Ado, yana haki.

"Riƙe da kyau, kai dai. Ka saba ɗaukar fasinja a zaune."

A gonar, sama ta buɗe ta kowane gefe, har Sherifa ta ji jiri. Tsofaffin abokan Alhaji suka kewaye shi suna gaisawa. Ita ta karɓo sabbin kayan ciki wurin mai sayarwa, ta baje su a bayan motar Ado, ta laluba jaka. Babu giris. Yana can bakin taga ta uku, inda ta ajiye shi ana hayaniyar sauko da keke.

Taku goma ne tsakaninta da mutanen da kowannensu ke da giris a akwati. Amma ta ji Alhaji yana gaya musu da Turanci cewa ɗalibarsa ba ta kuskure. Ta buɗe jakarta, ta ɗauko gwangwanin man kaɗe, wanda a gidansu shi ne maganin kaushi, da ƙuna, da ƙofa mai ƙara. Zafin mota ya narkar da shi. Ta shafa, ta goge yatsu a zane, ta haɗa cikin minti tara cif.

Aka zura injin cikin rokar Alhaji, aka ƙirga daga biyar zuwa ɗaya. Rokar ta tashi da ƙara kamar an yage sabon yadi, ta bar farin hayaƙi miƙe. Alhaji ya ɗaga hannun hagu yana ƙirgawa, ita ma tana yi. Biyar. Shida. Bakwai.

Takwas. Tara. Babu laima.

Aka busa ƙaho kowa ya dubi sama. Rokar ta juyo da kai ƙasa, ta nutse can ƙarshen gona, nesa da mutane. Taku ɗari huɗu da goma Sherifa ta yi kafin ta kai. Gaban ya ragargaje, sai bututun ta zaro, da ɗuminsa, ko lotsawa bai yi ba.

Alhaji ya sa ta kwance murfin sama. Albarushin na nan, wuta ba ta kai gare shi ba. Ya kai murfin hanci, ya daɗe.

"Sherifa. Kitso kika yi wa injina?"

"Baba, na manta giris ɗin. Kunya ta hana ni tambaya."

Ta jira faɗa. Ya juya bututun a tafin hannunsa.

"Ya tashi dai. Arba'in." Sai can ya ce, "Laimar na so in gani."

Kafin la'asar ta wuce suka hau matakala sittin da biyu, hutu shida wannan karon. Ta wanke bututun tun kafin baƙin hayaƙin ya kama, kamar yadda ya koya mata. Ranar tafiyarsa ya tura mata shi cikin jaka, ya ce can ba za su bar shi da shi ba. Bayan kwana biyu aka gyara lifta.

Yanzu tana unguwar Jamaica, a nan New York, wurin wata tsohuwa da ba ta son a buɗe labule. Taga biyu, matakala arba'in da takwas, jirgi na wucewa kan rufi kowane minti biyu. Ta sayi giris nata, yana aljihu ɗaya da bututun. Ta tambayi Ado yaushe ƙungiyar za ta dawo gona, ya ce Afrilu, ranar Asabar. Hutunta Lahadi ne.