Gidan da Ya Matsa da Mita Arba'in

Yau sati uku ke nan da rasuwar abokina, wanda duk unguwa ta sani da Baba Mita. Shekara talatin da wani abu yana zama a bencin ƙofar shagona na ɗinki, yana hararar masu wucewa. Allah ya jiƙansa. Na ji ana ta maganganu a kansa, shi ya sa na ce bari in rubuta abin da na sani.

Masinja ne a makarantar firamare ta bakin babban titi. Makarantar tana da kyau, amma kujerunta ba su kai yawan masu nema ba. Sai hukuma ta kafa doka. Duk yaron da ƙofar gidansu ba ta wuce mita dubu biyu daga get ɗin makaranta ba, shi za a fara ɗauka, amma da ƙafa zai riƙa zuwa. Wanda ya wuce haka sai ya jira in kujera ta rage, in kuma ya yi sa'a ya samu, motar makaranta ce za ta riƙa ɗauko shi. Aikin auna tazarar aka ɗora wa abokina. Aka ba shi wata taya mai sanda, irin wadda yara ke garawa, sai dai ita tana da ɗan agogo a wuya. Duk zagaye ɗaya mita ɗaya ne, agogon ya ce ƙas. Daga nan sunan ya bi shi.

Tun asali shi mutum ne mai zargi, aikin kuwa ya ƙara masa. Yakan ce da ni, "Tela, kafin a ɗauki yaro kowa maƙwabcin makaranta ne. Da an ɗauke shi, sai ka ji gidan ya koma bayan gari, a kawo mota." Ba ya faɗa wa kowa ranar da zai zo awo. Ba ya shan ruwan gidan da yake aunawa, ko da zafin rana zai kashe shi. In ya isa ƙofa sai ya ce maigidan ya buɗe da mukullinsa, ya leƙa igiyar shanya ya ga ko akwai kayan yara, sannan ya durƙusa ya ce wa yaron, "Zo nuna mini makewayinku." Yara da yawa da aka aro musu ɗakin kawu ko na gwaggo a nan asirinsu ya tonu, don sai ka ga yaro ya nufi kicin.

Tayar kuwa bai yarda kowa ya taɓa ta ba. Ba ya barin ta a sito na makaranta. Gida yake kai ta, ya ɗaure ta da sarƙa a ƙafar gado. Matarsa takan ce, "Malam, ni ma ba a tsare ni haka ba." Kowace shekara ofishin ilimi kan aiko takarda a kai tayar a duba lafiyarta. Sai ya karanta, ya yi tsaki, ya ce, "Su duba me? Su kwance ta su ɗaura yadda zai yi wa 'ya'yansu daidai?" Ya cusa takardar a aljihun tebur. Hedimasta ba ya matsa masa, don ya san ko ɗan cikinsa Baba Mita ba zai rage wa taku ɗaya ba.

A shekararsa ta bakwai da tayar, wata Talata, ya auna gidan wata mata mai aikin wanki a asibiti, wadda ke nema wa autarta aji ɗaya. Agogo ya tsaya a kan dubu biyu da talatin. Ya rubuta, ya ce, "Baiwar Allah, kin wuce da talatin. Sai dai layin jira." A shekarar kuwa kowa ya san babu kujerar da za ta rage. Ranar Litinin za a liƙa sunaye, in babu sunan Auta, sai makarantar ƙetaren kasuwa, wadda uwar ba ta da halin kai ta da ɗauko ta.

Washegari ta same shi a bencina, hannuwanta duk sun yi fari saboda sabulu. Ta ciro wata tsohuwar takarda daga cikin leda.

"Baba, rubutun wane ne wannan?"

Ya karɓa da yatsu biyu, ya nisanta ta da fuskarsa. "Ya yi kama da nawa."

"Naka ne. Shekara bakwai da suka wuce ka auna wa yayan Auta. Karanta mini, ni idona ba shi da kyau."

Ya karanta a hankali. Dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in.

"To, ƙofar nan ce dai, ban sake ta ba. Ɗakin nan ne dai. Gidana ne ya yi ƙafa ya matsa da mita arba'in, ko makarantarku ce take gudunmu?"

Masu jiran ɗinki suka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ɗaga takardar saitin rana yana neman inda aka kankare. Ya shinshina ta. Ya ce, "Wa ya ba ki shawarar ki ajiye wannan?"

"Wa zai ba ni? Mai 'ya'ya biyar ba ta yar da takarda."

Da ta tafi ya ce, "Tela, akwai hannun wani a ciki. Matar nan ta cika natsuwa."

Ranar Alhamis da sassafe ya sake gara tayar daga get har ƙofarta. Dubu biyu da talatin da ɗaya. Daga nan zargi ya hau kansa sosai. Ya fara da akawun makaranta, ya sa shi ya fito da tsohon littafin awo, ya tarar lambar iri ɗaya ce da ta takardar matar, da rubutunsa da sa hannunsa. Akawu ya ce, "Yanzu sai ka ce ni na koyi rubutunka, ko?" Ya ce, "Ban ce ba tukuna." Ya je ya durƙusa a gindin get yana duba siminti, ko an taɓa ciro ƙarfen an matsar da shi. Maigadi ya ce, "Baba, get ɗin nan ya girme ni a aiki." Ya bi hanyar taku-taku yana neman inda wani ya fito da katanga ko ya kafa rumfa ya sa ana kewayawa. Har wani mai faci ya yi wa tambayoyi, shekara nawa da kafa bukkarsa, wa ya ba shi izini. Mutumin ya ce in bai tashi daga gabansa ba zai watsa masa ruwan da yake gwada tub a ciki.

Ranar Juma'a da la'asar ya zo shagona a gajiye, ya jingine tayar a jikin teburin yanka, abin da bai taɓa yi ba. Ya zauna yana lissafa mutanen da yake zargi, har da direban motar makaranta, wai ƙila shi ke son ƙarin yara a motarsa. Ni kuma idona yana kan tayar. Robar bakinta ta yi sumul kamar tafin tsohon takalmi, har zare ya fara leƙowa.

Na ce, "Mutumina, tun da aka ba ka ita ka taɓa sake mata roba?"

"In sake mata don me? Lafiyarta ƙalau."

"Kawo in gwada ta."

Ya riƙe sandar gam. "Kai ma an zo wurinka ke nan?"

Maganar ta yi mini zafi, amma na san halinsa. Na ce, "To riƙe abarka, ni zan zagaya tef kawai." Na ciro tef daga wuyana na zagaya bakin tayar. Santimita casa'in da takwas. Na sake, na nuna masa da farce.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Tef ɗinka ne ya miƙe. Shekara nawa kana ja da shi a kan tumbin mutane?"

Ya tashi da kansa ya tsallaka titi, ya aro tef na ƙarfe wurin kafinta. Casa'in da takwas. Ya je shagon mai gilashi ya aro nasa. Casa'in da takwas. Sai ya dawo ya zauna a ƙasa, ba a benci ba, ya ɗora tayar a cinyarsa. Titi ne ya cinye robar a hankali, shekara bakwai. Tayar ta ƙanƙance, tana cewa ƙas kafin mita ta cika, duk tafiyar mita dubu biyu sai ta ƙara arba'in na ƙarya.

Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Tela, duk garin nan na bincika. Ashe ɓarawon a ƙafar gadona yake kwana."

Ranar Asabar ya sami Hedimasta a gida. Hedimasta ya saurare shi, ya rufe ƙofar falo, ya ce, "Baba, ka san abin da kake shirin tonowa? In aka sake awo, yaran da ke bakin layi suna shiga mota za su faɗo cikin dubu biyu, a sauke su. Iyayensu za su cinye ka ɗanye. Ka yi shiru, mu sake roba a hutu, baɗi a fara da sabuwa."

"Yarinyar fa, ranka ya daɗe?"

"Yarinya ɗaya ce."

"Ɗaya ce da na sani."

Ya faɗa mini cewa a hanyar dawowa har Hedimastan ya zarga, ko yana da ɗan'uwa a cikin masu shiga mota. Daga baya ya ce a'a, tsoro ne kawai irin na mai kujera.

Ranar Litinin da safe, kafin a liƙa sunaye, kwamitin ɗaukar yara yana zaune, sai ga shi ya shigo ba a kira shi ba. Ya ɗora tayar a kan teburinsu, ya ajiye tef na kafinta a gefe, ya zube takardun ofishin ilimi guda bakwai da ya ƙi amsawa. Ya ce, "Ku gwada da hannunku. Laifin nawa ne, ba na akawu ba, ba na maigadi ba. Kada ku liƙa komai sai an sake awo."

Aka ɗage liƙa sunaye da sati biyu. Ofishin ilimi ya aiko sabuwar taya da wani ma'aikaci. Gidan mai wanki ya koma inda yake, dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in. Aka ɗauki Auta, tare da wasu yara huɗu da shi da kansa ya tura layin jira. Amma abin da Hedimasta ya faɗa bai faɗi ƙasa ba. Yara tara aka sauke daga mota.

Unguwa ta ɗauka. Aka ce mai wanki ta saye shi. Aka ce ya goge robar da gangan da takardar yashi irin ta kafintoci. Wata uwa ta tsaya a ƙofar shagona ta ce, "Shekara bakwai yana leƙa mana makewayi, ashe shi ne babban munafukin!" Yana zaune yana ji. Aka karɓe aikin awo daga hannunsa, aka mai da shi kai takardu da kaɗa ƙararrawa.

Abin da ya yi bayan haka ba wanda ya sa shi. Kullum ƙarfe bakwai saura kwata yana tsaye a inda mota ta saba ɗaukar yaran nan tara. Ya jera su biyu-biyu, ƙanana a gaba, ya tare musu motoci a mararraba da hannu ɗaya, ya kai su har get. In an tashi ya mai da su. Da farko iyaye uku sun hana nasu bin sa. Da damina ta sauka, kwalbati ta cika, suka ƙyale su su bi shi. Shekara biyu yana haka, har ƙafafunsa suka fara kumbura, likita ya ce zuciya ce. Ya yi wata ɗaya a kwance. Ko a gadon asibiti sai da ya sa matarsa ta karanta masa sunan kowane magani kafin ya haɗiya.

Ranar da muke zaman karɓar gaisuwa a ƙofar gidansa, mutane sun cika tabarmi. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran nan tara yana kusa da ni. Ya sunkuyo wurin na gefensa ya ce, a zatonsa a hankali, "Allah ya jiƙansa dai, amma har yau ina son in san nawa matar nan ta ba shi."

Ashe mai wanki tana fitowa daga cikin gida, Auta na riƙe da gefen mayafinta. Ta tsaya cak.

"Ni kake nufi, Alhaji? To bari ka ji. Duk unguwar nan ba wanda bawan Allahn nan ya zarga kamar ni. Ranar da 'yata ta fara zuwa makaranta, bayan an gama awo, bayan kwamiti ya sa hannu, sai da ya biyo ta a baya yana laɓewa a jikin motoci, har ya ga ƙofar da ta shiga. Kwana uku yana haka. Ran na huɗu na leƙo na ce, Baba, ka gamsu? Ya ce, saura kaɗan."

Tabarma ta ɗauki dariya, har liman sai da ya rufe baki da hannun riga. Alhajin ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na fara dariyar tare da su, sai ta juye mini ta zama kuka, na tashi na koma bayan gida inda ba kowa.