Neman Miyar da Baba Zai Ci

Ana sallame sallar asuba muka bar Sabon Gari, ni da ƙanwata da mijinta, wanda ya yarda ya kai mu a motarsa bisa sharaɗin ba za mu loda masa ɗanyen kifi ba. Garin Maradi bai gama farkawa ba. Masu shayi na hura wuta, 'yan kabu-kabu na kishingiɗe a kan baburansu, sanyin safiya na shigowa ta gilashin da ya ƙi rufuwa tun bara.

Ku da kuke bina a nan kun san ni ba mai yawo ba ce. Baba ne ya fitar da ni. Wata huɗu ke nan da likita ya ce tansiyonsa, wato jininsa, ya hau, ya sa shi rejim: a rage mai, a rage gishiri, a bar dunƙulen ɗanɗano. Tun rasuwar Inna ni ke riƙe da girkin gidan, don haka na sayo wata ƙaramar tukunya, na ware masa. Kullum da maraice in dafa miyar gida da mai da komai, in dafa tasa fara sol, in kai masa ɗaki. Zai yi loma uku ya ce alhamdulillahi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana fataucin atamfa tsakanin Maradi da Kano, ga shi agogonsa na zamewa har tsakiyar hannu. Tsoro ya kama ni, gaskiya. Na ce a raina laifin kayan miyar kasuwa ne da suka kwana, bari in je Jiratawa in samo na lambu, in biya Tsibiri wurin yayarsa in tambayi abin da suka ci suka girma.

Hanyar Jiratawa ba ta da tsawo, kwalta ce, sai manyan motocin da suka nufi iyaka da ake yi wa ladabi a kauce. Muna gangarawa kwarin Gulbi duniya ta sauya launi. Wani siririn hazo na kwance a kan lambuna, rana na ɓullowa ta bayansa a hankali, ruwa na gudu a cikin magudanan siminti ba ya ko ƙara. Na sauka na tsaya. Kore ta ko'ina: zogale layi-layi, albasa, salati, tattasai ja yana leƙowa daga ƙarƙashin ganye. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya kai ni wani wuri can baya, ina ƙarama, Inna na goye da ƙanwata tana tsinkar yakuwa a bayan gida tana waƙa ƙasa-ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba, sai da ƙanwar tawa, wadda yanzu ta fi ni faɗi, ta ja mini mayafi.

Wani mai lambu, dattijo mai wando naɗe zuwa gwiwa, ya bar mu muka tsinka da hannunmu. Tumatirin da na ɓalla yana da ɗumin rana a gefe guda, sanyin raɓa a ɗaya gefen. Kuɓewar kuwa ƙanana ce, kana lanƙwasa kanta ta karye ɓas. Da jaka ɗaya ta sefa muka cika kwando, abin da a kasuwar gari sai ka ninka. Mijin ƙanwata, da ya ce zai jira a mota, shi muka tarar yana cinikin albasa buhu guda. A bakin hanya muka karya da kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli wurin wata mata mai fara'a, ta matsa mana lemun tsami a kai. Na ci, na ƙara, sai daga baya na lura ko ɗigon mai ba ta zuba ba.

Zuwa Tsibiri dole ka sake ratsa Maradi, ga shi gari ya cika, adaidaita na kutsawa ta inda ko akuya ba za ta bi ba. Da muka fita hayaniyar sai gonakin gero da aka girbe, karan a tsaye, rumbuna a cike a gefen ƙauyuka. Barci ya ɗan sace ni. Na yi mafarkin ina dama miya a cikin magudanar ruwan Jiratawa, tana tafiya ina bin ta da ludayi.

Gwaggo, yayar Baba, ta haura tamanin, amma idonta bai bar komai ya wuce ba. Mun same ta a gindin dalbejiya tana tsince wake. Bayan gaisuwa na zazzage mata damuwata, na ce ta koya mini miyar da mahaifiyarsu ke yi musu. Sai ta sa aka hura wuta.

Na zauna ina kallo kamar 'yar lakwal a gaban malamarta. Ba ta soya komai ba. Ta tura albasa biyu cikin toka mai zafi har suka yi laushi, ta ɓare, ta daka su da daddawa da citta da tafarnuwa da ɗan busasshen kifi, ta zuba a ruwan da ke tafasa da tumatir. Gishirin da ta sa bai wuce abin da yatsu biyu za su ɗauka ba. Kuɓewa ta shiga daga ƙarshe, ta fito kore shar. Sai da aka kwashe tuwon gero aka zuba miya, sannan ta ɗauki cokali ɗaya na man shanu, ta narka shi a murfin tukunya da ɗan yankan albasa, ta zagaya shi a saman kwanon. Ƙamshi ya cika gidan. Ni da nake tuttula ludayi biyu na mai a gindin tukunya ban taɓa samun irinsa ba.

Muna ci ina yabawa, ina cewa yau Baba zai ci abinci. Sai ta dube ni.

"Da wa shika ci?"

Na ce shi kaɗai, a ɗakinsa, tunda nasa daban ne.

Ta ajiye lomar da ta ɗauko. "Ɗiyata, ubanki tun da ya yi wayo bai taɓa sa hannu cikin kwano shi ɗai ba. Ke kinka yi mishi tukunyar marar lahiya, kina mamakin ya kwanta?"

Kunya ta rufe ni, don na san abin da take nufi. A unguwarmu, bayan magariba, magidanta kan fito da kwanukansu ƙofar gida su yi ciyayya, a buɗe na kowa, hannun kowa ya shiga na kowa. Baba da abokansa uku sun fi shekara talatin a kan tabarma ɗaya a ƙofar gidanmu. Ranar da na fara kai masa ƙaramin kwanonsa, ya buɗe ya ga farar miya ba ɗigon mai a kanta, ya ce sanyi ya yi yawa a waje. Bai sake fita ba. Abokan suka yi ta aike, har suka gaji suka koma ƙofar maƙwabci. A gidan ɗan kasuwa man da ke yawo a kan miya shi ne shaidar gida na tsaye, ni kuwa na ba shi abin da ba zai iya buɗewa a gaban mutane ba, kuma wata huɗu ina zargin tumatir.

"Tukunya guda za ki yi, babba," in ji Gwaggo. "Kowa shi ci ita. Kuma kar ki tambaye shi, ƙi za shi yi."

Mun baro Tsibiri da ƙullin daddawa da kwalbar man shanu, rana ta fara karkata. A mota ina kallon inuwar itatuwa na tsawo a kan gonaki, ina tunanin yadda za ta kaya, don Baba ba mutumin da ake yanke wa hukunci a bayan idonsa ba ne.

La'asar ta same mu a gida. Na ɗora babbar tukunya, na yi yadda na gani, har da gasa albasa a toka, yaran gida na leƙe suna tambayar ina mai. Mijin ƙanwata ya je ya ce wa dattawan nan uku Baba na gayyatarsu, ƙaryar da na roƙi Allah ya yafe mana mu biyu. Da Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da tabarma a shimfiɗe, mutanensa a zaune, babban kwano a tsakiya. Ina laɓe a zaure ina leƙe. Ya daɗe a tsaye kafin ya cire takalmi.

Aka buɗe kwano, aka yi bismillah. Can sai na ji muryar mafi tsufansu, tsohon direban babbar mota wanda bakinsa ba ya ɓoye komai.

"Alhaji, miyag ga ta yi daɗi, amma gishiri bai ji ba."

Na kasa kunne daga zaure.

"Likita ya hana ni," Baba ya ce, a hankali, kamar mai amsa laifi.

"Kai ma? Ni tun bara anka hana ni. Kunya ta hana ni hwaɗi, nika ci in koma gida in sha magani."

Na uku ya ce shi sukari ne. Dariya ta ɓarke, irin wadda na manta Baba na da ita, har da tari. Ni kuwa na zauna a ƙasan zaure na yi kukana.

Na tafi neman kayan miya, na kuma samo su: albasar toka, daddawa, cokali ɗaya na mai a sama maimakon ludayi biyu a ƙasa. Ku gwada, za ku gode mini. Amma abin da tafiyar ta koya mini shi ne, in likita ya sauya wa mutum ɗaya abinci, gida duka ya kamata ya sauya, don ware wa tsoho kwano ware shi ne daga mutane.

Da suka watse Baba ya shigo, ya same ni ina goge ido. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Ya zo ya tsaya a kaina.

"Gobe ki ƙara awo," ya ce. "Mu huɗu na."